Wasiƙa Daga Cape Coast Zuwa Magarya

Baba,

  Karatu na tafiya, kuma ba ni da kewar Hausa, don a Zangon Kotokuraba nake sallar Juma'a, cikin jikokin fataken goro.

Saƙonku ya iso ni, har da tambayar da kuka ce mutane na yi muku a majalisa: ɗan Magarya da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Goronyo ba, me ya kai shi Gana karatun teku? Tambaya ce mai kyau, kuma ina so ku sami abin faɗa musu.

Ku fara da gulbinmu. Ruwan da ya baro Goronyo ya ratsa ƙasar Wurno, Rima ke ɗauke da shi ya wuce Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa Kwara, Kwara kuma ta kai shi Tekun Atilantika, wanda nake gani kullum a hanyar jami'a. Duk abin da muka zuba wa gulbi, taki ne ko maganin feshi ko leda, can yake dosa. Abin da muka hana shi ɗauka ma yana da sakamako. A nan Gana an gama dam ɗin Akosombo kan kogin Volta a 1965. Ya ba ƙasar lantarki, amma ya tare yashin da kogin ya saba kaiwa gaɓa, wannan kuwa na cikin dalilan da suka sa teku ta ci gidaje da tituna a garin Keta. A 2023 da dam ɗin ya cika aka saki ruwa, garin Mepe da maƙwabtansa suka nutse. Da malaminmu ke bayani, ba abin da nake gani sai ambaliyar 2010, lokacin da Rima ta shafe gonaki da ƙauyuka a Goronyo da Wurno.

Amma abin da ya fi kama zuciyata shi ne maganar kifi. Akwai wani ƙaramin kifi dangin sadin, shi ne naman talaka a wannan gaɓar. Mata ke banda shi, a loda a mota har arewacin ƙasar. Tsakanin Yuli da Satumba ruwan sanyi na tasowa daga ƙarƙashin teku ɗauke da abincin ƙananan halittun da ido ba ya gani, kifin ya yi kiwo a kansu, ya yi ƙwai. Yanzu ya ja baya ƙwarai. Kwale-kwale sun yi yawa, idon taru ya ƙanƙance, wasu na kunna fitila da dare su tara kifi su kwashe har da 'ya'ya. Ga kuma manyan jiragen su da suka daɗe suna kama ƙananan kifin da ba rabonsu ba, su daskarar da shi, su sayar wa 'yan kwale-kwale a tsakiyar teku. Wannan haramtaccen ciniki ana ce masa saiko, kuma Elmina, garin da ke dab da mu, ta yi suna a kansa.

A 2019 gwamnati ta rufe su na wata guda ga masu kwale-kwale don kifi ya huta. An sha gardama, kuma ban ga laifin masuntan ba: wanda cin yau ɗinsa ke cikin ruwa, ba a ce masa ya naɗe taru ba tare da an duba tukunyarsa ba. Sai dai hutar da ruwa ba baƙon abu ba ne wurinsu. Tun kaka da kakanni ba su fita su ranar Talata. A Elmina ana rufe tafkin Benya na wani lokaci, sai ranar bikin Bakatue, Talatar farko ta Yuli, a buɗe. Kowace gaɓa kuma da shugaban masuntanta mai yanke hukunci. Na gaya wa 'yan ajinmu cewa mu ma muna da Sarkin Ruwa, kuma gulbin Matan Fada a Argungu a rufe yake sai ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwa mai girman mutum. A ganina, Baba, dokar da ta bi ta hannun irin waɗannan shugabanni ta fi wadda aka aiko daga ofis kama ƙasa, domin masu ita ne ke tsaronta.

Aikin da ake koya mana bai wuce abin da za a yi a Goronyo ba. Da asuba muke zuwa bakin ruwa mu tarbi kwale-kwale, mu auna tsawon kifi da nauyinsa, mu buɗe cikinsa mu ga ko ya kai munzalin yin ƙwai. Idan mafi yawan abin da aka kamo bai taɓa haihuwa ba, to iri ake ci, kamar manomin da ya daka geron shukarsa. Muna kuma auna gishirin ruwa da zafinsa da iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa. In aka cire gishirin, duk sauran za su yi amfani a dam ɗinmu mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, da tafkunan fadamar Wurno da Rabah. Abin da nake so in dawo in yi ke nan.

Don haka ina da roƙo. In kun shiga kasuwar Goronyo, ku tambayar mini tsofaffin masunta: wane kifi suke kamawa kafin a gama dam a 1984 wanda yanzu ba su gani? A wane wata tarwaɗa da kurungu ke shiga fadama yin ƙwai? Da can akwai lokacin da ake hana su, kuma wa ke hanawa? Ƙanena ya rubuta amsoshin yadda suka faɗe su, kada ya gyara musu magana, ya turo mini ta waya kafin ƙarshen zangon karatu.

A gaishe da Inna da kyau, a ce mata daddawar da kukar sun iso. A gaishe da Liman da su Kawu. Ina neman addu'arku.

Ɗanku,
daga Cape Coast, Gana.