Karatun da Ya Fara Daga Bakin Ruwa

Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, suka tafi da ɗalibai da malamai. Tsoro ya shiga gidaje daga Ngaski har Shanga, wasu iyaye kuma suka riƙe 'ya'yansu a gida. Muna cikinsu. Autana, mai shekara 9 a lokacin, ya zama ɗalibina, zaurenmu a Yelwa ya zama ajinsa.

Sai yaron ya ƙi karatun. Da ya ga littafi, ciwon ciki ya tashi, ko fensir ya ɓata. Abin ya hana ni barci, domin na ga yaran da suka bar makaranta suka nufi ramukan haƙar zinariya, wanda kuwa ya ɗanɗana kuɗin rami da wuya ya komo kan benci.

Amma yaron nan da ba ya iya zaman minti biyar yakan wuni wurin masunta, ya san tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa tun daga nesa. Ashe ba sani yake gudu ba, zaman ne bai ga amfaninsa ba. Sai muka fara daga can. Ya rubuta sunayen kifayen da kansa. Na riƙa aikensa cefane, ya kawo mini lissafin canji a rubuce. Da wani dattijo Bagunge ya ba shi labarin tsibiran da ruwa ya cinye bayan an kammala madatsar Kainji a 1968, shi da kansa ya cire 1968 daga 2021, ya zo da gudu ya ce, "Mama, tafkin nan shekararsa 53 kawai!"

Daga nan tsari ya shigo. Muka tsayar da rabin awa bayan karin kumallo, kullum banda Lahadi. Shi ke zaɓen darasin da za a fara, amma ba shi ke zaɓen ko za a yi ba. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai ɗanyen ma yakan karye idan aka tanƙwara shi gaba ɗaya.

Ya ɗan'uwa mai karatu, haka Ubangijinmu Yesu ya bi da masuntan Galili. A bakin aikinsu ya same su, ya koyar daga cikin jirgi, ya yi misali da taru da iri da yisti, sa'an nan ya bi da su zuwa koyarwa mai nauyi. Idan ɗanka ya ƙi littafi, duba inda zuciyarsa take, ka kai littafin can.

Ya Uba, ka ba mu haƙurin da kake yi da mu, ka kuma tsare yaran ƙasar Yauri. Amin.