Gidan Allah a Ƙauyen Ewelme

Sa'ad da na ziyarci ɗana a Ingila, ya kai ni wani ƙaramin ƙauye mai suna Ewelme, kusa da birnin Oksfod. Kallo kawai na je yi, amma na komo da nauyi a zuciya.

A shekara ta 1437 Sarki Henri na Shida ya ba wani basarake, William de la Pole, da matarsa Alice izinin gina wa matalauta gida. Aka sa masa suna Gidan Allah. Aka shirya wurin maza 13 marasa galihu, da firistoci biyu. Ɗaya yana lura da gidan, ɗayan kuwa yana koya wa yara karatu kyauta. Abin da aka nema wurin mazauna gidan shi ne su riƙa yi wa masu ginin addu'a kullum.

Da jan bulo da katako aka yi ginin. Ɗakunan sun kewaye tsakar gida mai kusurwa huɗu, ga baranda ta zaga, kowace ƙofa tana duban 'yar'uwarta. Idan wani bai fito da safe ba, maƙwabcinsa zai lura. Daga nan akwai matakala mai rufi har ƙofar majami'a, ruwan sama ba ya hana kowa zuwa sujada. A gangare kuma ga makarantar, har yau yara suna karatu a ciki. An kashe William a 1450, Alice ta rasu a 1475, amma tsofaffi suna zaune a gidan har yanzu.

Ina tsaye a tsakar gidan nan sai na tuna da Gwaggo, yayar mahaifina, gwauruwa marar ɗa. Tana gidana, amma a ɗakin baya, kusa da turken awaki. Tuwo ba ya wuce ta, don haka na ɗauka na sauke nauyi. Ashe yini take yi ba mai ce mata sannu.

Da na dawo, muka maido ta ɗakin da yake duban tsakar gida. Yanzu jikoki suna zuwa jin tatsuniya, ran Lahadi kuma su riƙe mata hannu zuwa majami'a.

Ya 'yan'uwa, ba dukanmu ne za mu iya gina irin gidan Ewelme ba. Amma tsohon da yake gidanka, ina ƙofarsa take duba?