Kwandalar "ceton jakuna" da ta tafi da kuɗin takin abokina

Yau ba zancen gyaran waya na zo muku da shi ba, duk da a shagon gyaran abin ya faro.

Daf da damina wani abokina ɗan kabu-kabu ya kawo min wayarsa nan Kajiji, sikirin ya fashe. Ina cikin aiki yana ta matsa min: "Don Allah ka hanzarta, kwandalar nan daren yau za ta fashe." Da wayar ta kawo sai ya nuna min wani gurup na Telegram. Sabuwar kwandalar kirifto ce mai hoton jaki, wai duk cinikin da aka yi da ita ana cire wani kaso a ba masu ceton jakuna daga yanka.

Ka san abin da ya sa maganar ta shige mu? Gaskiya ce aka jingina ta da ita. Duk wanda ya taso a ƙauyukanmu ya ga yadda jaki ya yi tsada, saboda fatarsa da ake kwasa zuwa China ana haɗa magani, har Tarayyar Afirka ta haramta cinikin fatar a Fabrairun 2024. Ya zuba naira dubu 40, kuɗin da ya ware na taki. Ni ma, kar in yi maka ƙarya, na saka dubu 10, alhali na sha dusar Hamster a 2024. Kwana uku farashi na hawa, ran na huɗu muka tashi babu gurup, kwandalar kuma ba mai saye.

Daga baya na zauna na yi binciken da ya kamata in fara yi. Irin waɗannan kwandaloli na barkwanci daga Dogecoin suka samo asali, wadda Billy Markus da Jackson Palmer suka ƙirƙira a 2013 da hoton wata karya 'yar Japan. Kuma sun taɓa yin alheri na gaske: a 2014 masu Dogecoin sun tara kuɗin haƙa rijiyoyi a Kenya. Amma yanzu a dandali irin Pump.fun, cikin 'yan mintuna kowa zai iya ƙirƙirar tasa, ya liƙa mata hoton dabbar da ya ga dama. Kalli Moo Deng, 'yar dorinar nan ta gidan zu na Khao Kheow a Tailan. An yi kwandala da sunanta, alhali ba gidan zun ne ya yi ta ba. Da Vitalik Buterin, mai Ethereum, ya so taimaka mata a ƙarshen 2024, gidan zun ya ba kyautarsa kai tsaye.

To idan an turo maka irinta, ɗauki adireshin kwandalar ka liƙa a Solscan ko Etherscan, gwargwadon inda take, ka duba jerin masu riƙe da ita. Tamu da na duba, walet uku ne ke riƙe da fiye da rabi. Su suka zubar da nasu a dare ɗaya. Sannan ka tambaya: wace ƙungiya ce za a ba kuɗin? Ka je shafinta na ainihi ka ga ko ta san da maganar, ko ta wallafa adireshin walet ɗinta. In ta wallafa, duk sisin da ya shiga kana iya gani da idonka, don littafin kirifto a buɗe yake. Hoton rasit da admin ya turo ba hujja ba ne, yaron shagona ma zai haɗa maka irinsa. Kalmomi 12 na walet ɗinka kuwa, ko da sunan sadaka aka nema, kar ka bayar.

Abokina dai rancen taki ya ci a wannan daminar. Ni na yafe masa kuɗin sikirin, don da ya ga na saka nawa ne ya ƙara dubu 15 a kan 25 da ya fara zubawa.