Salula ta zo da kayan aikinta

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye kusa da Galmi, cikin gundumar Malbaza.

Bana wani dattijo ɗalibina ya sayar da albasarsa. Ya tafi kasuwar Birnin Ƙonni ya sayo salula mai shafe-shafe. Burinsa shi ne ya rubuta wa ɗansa da ke ci-rani Abijan saƙo da hannunsa. Da dare ya zo aji ransa ɓace. Ya ce: "Malam, ina ƙ mai lanƙwasa da ka koya mana? Na so in ce hatsi ya ƙare, ga shi na rubuta kare."

Na ce: "Baba, kawo mu gani." Na duba. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Amma ga wasanni da tallace-tallace birjik, waɗanda bai roƙa ba. Wasu ma sun ƙi goguwa, sun cinye masa wuri.

Waɗannan ƙananan kayan aiki na cikin salula su ake kira manhaja. Wasu tare da ita suke zuwa, wasu sai an sauko da su daga intanet, da kuɗinka. Mun jira ranar kasuwa, muka sayi kati, muka sauko da allon rubutu mai suna Gboard, muka zaɓi Hausa. Sai ga baƙaƙenmu sun fito. Tsoho ya yi dariya, ni kuwa na ji kunya. Wata huɗu ina koya masa baƙin da salularsa ba ta sani ba.

Ga ra'ayina. Wanda ya sai da maka galma, da ƙotarta yake ba ka. Kira, saƙo, fitila, rediyo, lissafi da baƙaƙen harshenmu, wajibi ne su zo tare da salula. Makiyayin da ke dajin Illela ba ya samun intanet kullum. Sauran kuwa a bar wa mai abu zaɓi, in ya so ya goge.

Ba mu kaɗai ke wannan magana ba. A 2018 Tarayyar Turai ta ci kamfanin Google tara fiye da Yuro miliyar 4, don ya tilasta wa masu ƙera salula su sa manhajojinsa na bincike tun daga masana'anta. Mu kuma a 2025 Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa.

Saboda haka, kafin ka biya kuɗi, ce wa mai shago ya rubuta maka "ƙafa" da "ɗaki" ka gani da idonka. In ya kasa, ya sa maka Hausa nan take. In kuma ka riga ka saya, kawo ta aji mu gyara tare.