Daga Bakin Ruwan Yelwa zuwa Samaru

A bakin ruwan Yelwa, inda jirage ke sauke albasa da busasshen kifi ranar kasuwa, akwai wani saurayi da masu jirgi suka sani da gwangwanin fenti. Shi ke rubuta musu suna da addu'a a jikin katako. Ba wanda ya koya masa sai ido da makarantar allo, inda ya ga yadda malaminsu ke yi wa allon mai sauka zayyana da tawada ja da ɗorawa. Mahaifinsa masunci ne, kakansa kuma yana cikin dubban mutanen da aka tasa daga tsibirai da ƙauyukan gaɓa lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968. Gidan ya san abin da ake nufi da barin wuri, shi ya sa maganar tafiya karatu ba ta da daɗin ji a cikinsa.

Abin da ya sauya masa tunani ya faru ne a watan Mayu na 2021, sa'ad da jirgin da ya ɗauko 'yan kasuwa daga jihar Neja ya nitse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, rayuka masu yawa suka salwanta. Bayan haka aka kafa wani allon gargaɗi a wata mashiga da yake yawan zuwa. Turanci ne zalla, layi bakwai, da ƙananan haruffa. Ya zauna yini guda yana kallon masu wucewa: Bagunge, Bakambare, Bashange, Bahaushe, mata da goyo, tsofaffi masu karatun ajami. Bai ga wanda ya tsaya ba. Allon ya faɗi gaskiya, amma bai faɗa wa kowa ba. A ranar ya gane cewa kyan hannu daban, iya isar da saƙo daban, kuma na biyun ilimi ne da ake zama a koya.

Da ya fara tambaya, sunan da ya riƙa dawowa shi ne Zariya. A can ne sashen zane na tsohuwar Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya ya zauna tun shekarun 1950, kafin kwalejin ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can ne kuma, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suna cewa dabarar Turai ba ta wadatar ba sai an haɗa ta da gadon gida. Okeke ya koma ga zanen uli na ƙasar Ibo, ya kai shi Jami'ar Nsukka. A yau ana koyar da zanen isar da saƙo a Samaru tare da ƙirar tufafi da ta yumɓu da ta gilashi. A kudu akwai Kwalejin Fasaha ta Yaba a Legas, wadda aka kafa a 1947, da ta Auchi, dukansu sanannu wajen horar da hannu. Wani malami ya ambata masa Bauhaus ta Jamus, wadda ta rayu daga 1919 zuwa 1933 kawai, amma har gobe ana fara koyar da ɗalibi da abin da ta fara da shi: layi, launi, siffa, da tazarar da ke tsakanin haruffa.

Mahaifin ya saurara yana gyaran taru, bai ɗago ba.

"Yanzu zane har sai an je jami'a? Ba ga shi kana yi ba?"

"Baba, ina yi, amma ban san dalilin da ya sa wani ke karantuwa daga nesa wani ba ya karantuwa ba."

"To, hotunan mutane fa? Ka san abin da malamai suka ce."

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, kuma saurayin bai ɗauke ta da wasa ba. Ya bayyana masa cewa galibin aikin haruffa ne da alamomi da tsarin shafi: bangon littafi, takardar magani, tambarin buhun shinkafa. Ya tuna masa zayyanar allo, da aikin wuyan babbar riga, da dagin da ke bangon gidajen sarauta. Waɗanda suka yi su ba su je Samaru ba, amma tambayar da suka amsa ita ce dai ake yi a can: ina ido zai fara sauka, ina kuma zai huta?

Akwai kuma abin da makarantar ba za ta ba shi ba, sai dai shi ya kai mata. Yawancin haruffan kwamfuta da ake buga fosta da su ba su da ƙ da ɗ da ɓ, shi ya sa ake ganin an rubuta ƙasa kamar kasa, ɗaki kamar daki. Ajami ma sai a 'yan shekarun nan aka samar masa da haruffa irin su Alkalami, waɗanda aka ƙera bisa salon rubutun Kano. Ɗalibin da ya taso tsakanin harsuna huɗu da rubutu biyu ya san wannan giɓi a jikinsa, ba a littafi ba.

Sauran matsalolin ba su da amsa mai sauƙi. Makarantar sakandaren da ya yi ba ta taɓa samun malamin zane ba. Kuɗin kwamfuta ya kai kuɗin injin jirgi na hannu. Hanyar Kontagora zuwa Birnin Gwari kuwa ba ta barin uwa ta yi barci. Ga kifi yana raguwa a tafki, hannu ɗaya da zai bar gida kuma ba ƙaramin rashi ba ne.

Kafin a yanke magana, saurayin ya samo katako ya zana nasa allon: jirgi biyu, ɗaya ruwa ya kai masa baki, ɗaya yana tafiya sakayau, a tsakaninsu rigar ruwa da jan fenti, ƙarƙashi kalma uku da boko da ajami. Ya kafa shi a mashiga. Da yamma mahaifin ya dawo daga su, ya tsaya gabansa ya daɗe. Wata tsohuwa ta zo ta tsaya kusa da shi, ta nuna jirgin farko da sanda, ta girgiza kai.

Da dare, bayan sallar isha'i, ya kira ɗansa.

"Nawa ka ce kuɗin fom ɗin?"