Wasiƙa daga Elmina zuwa Kebbe

Elmina, ƙasar Gana
Watan Agusta

Aminina,

Ina gida, ina iyali, ina damina? Ina fata shinkafar fadama ta tsaya da ƙafarta, gulbi bai yi muku ɓarna ba bana. Ka gaishe min da Inna, ka ce mata ɗanta na Gana yana nan ƙalau, sai dai kewar tuwonta.

Saƙonka ya iso ta hannun yaran motar albasa. Na ga maganar babban yaronka, wai ya kafe sai ya zo nan ya shiga su a teku, don ya ji an ce damina ce kakar kifi a bakin ruwan Gana. Ka ce in faɗa maka gaskiya ba kwana-kwana. To gyara zama, don maganar tana da tsawo.

Abin da ya ji ba ƙarya ba ne, amma rabin labari aka ba shi. A wajenmu, in gulbin Zamfara ya cika ya malale fadama tun daga Gummi har Jega, kifi bazuwa yake yi cikin ciyawa yana zuba ƙwai, masunci kuma ya rataye taru ya ɗauki fartanya. Sai ruwa ya ja baya kifi yake taruwa a gurbi. Shi ya sa ake bikin Argungu a Fabrairu ko Maris, shi ya sa ba a faɗa wa tafkin Romo da damina. Nan kuwa abin a juye yake. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasan teku mai sanyi yana tasowa sama a gaɓar Gana da Kwaddibuwa. Ruwan da a sauran watanni zafinsa kan kai digiri 28 ko 29 sai ya sauko ƙasa da 25, wani lokaci har kusan 21. Kamar dai a sa ludayi a motsa kunu daga gindin tukunya: duk abin da ya kwanta a ƙasa sai ya taso. Abincin da ya taso shi ke raya ƙananan halittun da ido ba ya gani, su kuma su jawo kifin sadin garke-garke zuwa kusa da gaɓa, manyan kifaye na biye da su. Ana samun wata 'yar ƙaramar tasowar wajen Janairu, amma ba ta kai wannan ba.

Sai dai lokacin da kifi ya zo, lokacin ne teku ta fi fushi. Iskar kudu maso yamma ba ta hutawa, sama a lumshe, da asuba ga hazo, ga sanyin da ke shiga ƙashi in kana jiƙe. Ka san yaronka gwanin iyo ne, ni ma na sani, tun yana ƙarami yake kifa ciki a kan gora ya ƙetare gulbi. Amma gulbi hanya ɗaya yake bi, kana ganinsa ka san inda ya nufa. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kuma in wata ya tsaya ko ya cika, cikar da janyewar sun fi ƙarfi. Akwai kuma wani mugun ja da ke fita daga bakin yashi ya nufi tsakiya. Wurin sai ka gan shi lif, ba kumfa, baƙo ya ce ga inda ya fi daɗin shiga, alhali nan ne ramin. Wanda ya yi kokawa da shi don ya dawo kai tsaye, gajiya ce za ta kashe shi. 'Yan gari gefe suke yi, su bi tsawon gaɓa har su fita daga bakinsa, sannan su juyo. Yaran Fante, wato mutanen nan, suna da shekara biyar ko shida suke koyon wannan, cikin wasa. Naka zai fara koya ne da gemu a fuska.

Mu a Elmina Allah ya yi mana sauƙi ɗaya: jirage suna kwana cikin ƙoramar Benya, su fita ta bakinta a gindin tsohuwar ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482. A garuruwan da ba su da irin wannan mafaka, daga kan yashi ake tura jirgi cikin raƙuman ruwa. Shugaban jirgi ya tsaya yana ƙirga su, ya bar manya su fashe, da ya ga 'yar sarari sai ya daka tsawa a ruga. In aka yi jinkirin ƙiftawar ido, jirgi ya ba ruwa gefe, shi ke nan, ga taru ga inji ga mutane duk a cikin kumfa.

Kada ka ɗauka irin jirginmu ne na fito. Itace guda ake fafewa, wani da suke kira wawa, daga dazuzzukan cikin ƙasa, sannan a ƙara masa katako a gefe. Babba yakan doshi mita 20, da inji mai ƙarfin doki 40 rataye a gefensa, mutum goma sha biyar zuwa ashirin a ciki. Sun sha fenti, ga tutoci na ƙasashe da na kulob-kulob na ƙwallo, ga ayoyin littafinsu a rubuce. In ka tsaya kan gada da safe suna shigowa, wallahi abin kallo ne.

Babban su na wannan lokaci shi ne na tarun da ake kira watsa. Tsawonsa ɗaruruwan mita, sama da 'yan tulluwa masu iyo, ƙasa da darma da zobba, igiya ta ratsa cikin zobban. Galibi da yamma ake fita. In an ga garke sai jirgi ya zagaye shi a guje ana zuba taru, a haɗe baki, sannan a ja igiyar ƙasa ta tsuke, kifi ya rasa ta inda zai nutse. Daga nan sai ja da hannu, awa biyu, awa uku, ana waƙa ana ja, tafin hannu na tsagewa gishiri na shiga. Duk gwanintar tana wajen gano garken da sanin inda ya dosa, don ba inda yake ake zuba taru ba, inda za shi ake tare masa. Da rana tsuntsaye ake bi, da wani duhu-duhu da ke gilmawa a fuskar ruwa. Da dare kuwa, wannan ne ya fi ba ni mamaki: ruwan kansa yana walƙiya in kifi ya motsa cikinsa, wani haske kore-kore, sai mai tsayuwa a goshin jirgi ya hango shi daga nesa, har ya iya ce maka garken babba ne ko ƙarami. Saboda haka duhun wata shi ne kasuwarsu. In farin wata ya yi, hasken ruwan ya ɓace, kifi ya yi tsada, da yawa sai su zauna ɗinkin taru. Ni da nake sayen banda, kalandar Musulunci ta fi min amfani a nan fiye da ta bature. In wata ya kai sha uku na san kuɗin kwando zai hau.

Akwai masu ƙugiya, waɗanda ke tafiya da akwatin ƙanƙara su yi kwanaki a can nesa, kan duwatsun ƙarƙashin ruwa, suna kamo manyan jajayen kifaye na otal-otal. Waɗannan aikinsu ya ɗan yi kama da mamarinmu, sai dai zurfin ba ɗaya ba, kuma gishiri cin ƙarfe yake yi, ƙugiyar da ba a wanke ta da ruwan daɗi ba kwana kaɗan ta yi tsatsa. Can gabas wajen Keta kuma mutanen Ewe daga kan yashi suke jan taru, layi biyu, kowa da igiya a hannu har mata da yara.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kifin da ake ba yaronka labari, na zamanin iyayen waɗannan masuntan ne. A tsakiyar shekarun 1990 sadin da ake kamawa a Gana ya haura tan 100,000 a shekara; zuwa 2016 bai fi tan 30,000 ba. Jirage sun yi yawa, idon taru ya ƙanƙance har jarirai ba sa tsira. Wasu suna tafiya da janareta su zura ƙwan lantarki cikin ruwa don su tara kifi ko da ba lokacinsa ba, doka ta hana amma ana yi. Sannan ga abin da suke kira saiko, wanda Elmina ta yi ƙaurin suna a kansa: manyan jiragen ƙarfe masu jan taru a ƙasa su kwashe ƙananan kifin da ba nasu ba, su daskarar da shi fale-fale, su sayar wa wasu jirage a tsakiyar teku a kawo gari. Wani bincike ya ƙiyasta abin da ya bi ta wannan hanya a 2017 kaɗai ya kai kusan tan 100,000. Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi a 2013, ta sake ba ta a 2021 kan sakaci da satar kifi a ruwa. An matsa wa saiko lamba daga baya, amma ɓarnar da aka yi ba a dare ɗaya take gyaruwa ba. Sai ka ga mutum ashirin sun kwana a ruwa, sun ƙone mai, sun dawo da abin da bai cika kwando biyar ba. Kuma rabon, galibi sai an cire kuɗin mai da abinci, mai jirgi da taru ya ɗauki rabi, sauran rabin a raba wa ma'aikata. Sabon shiga shi ne na ƙarshe a layi. Man ma da gwamnati ke sayar musu da rangwame, yau akwai gobe babu.

Abin da zai burge ka, kai jikan Sarkawa, shi ne mutanen nan sun san hutar da ruwa tun kafin gwamnati ta sani. Ranar Talata ba a shiga teku, ranar gyaran taru ce da zaman sulhu a gaban sarkin masunta. Ƙoramar Benya kuma rufe ta ake yi makonni shida, sai Talatar farko ta Yuli a yi bikin Bakatue, a jefa birgi sau uku a gaban sarki, sannan a buɗe wa kowa. Da na fara gani sai gulbin Matan Fada na Argungu ya faɗo min a rai, yadda ba mai taɓa ruwan sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Abin da suke haɗawa da shi na tsafi ba namu ba ne, ba ruwana da shi, amma hikimar barin kifi ya hayayyafa iri ɗaya ce. Gwamnati ta kawo nata hutun: an fara rufe wa masu ƙananan jirage teku a 2019, daga 2021 aka tsayar da shi a watan Yuli, manyan jirage kuma Yuli da Agusta. A 2025 aka ɗage wa ƙananan, aka bar manyan. Masunta sun yi murna, don wata guda ba shiga ruwa yunwa ce tsirara a gidan da ba gona. Ni dai a ganina Yuli da Agusta ne kifin ke ɗauke da ƙwai, kuma wanda ya ci iri bana shi zai yi kuka baɗi. Na faɗi haka a rumfar mai shayi an kusa cinye ni ɗanye, wai ɗan tudu me ya sani.

To ga shawarata. Kada ka hana shi zuwa, yaron da ya sa abu a ransa in ka danne shi da dare zai sulale. Amma kada ya zo da niyyar hawa jirgin watsa. Ba ya jin Fante, kuma a cikin duhu da ƙarar inji umarni sau ɗaya ake bayarwa. Jiragen na dangi ne, ɗa da ƙane da ɗan 'yar'uwa, baƙo sai in an rasa hannu. Lasisin jirgi na 'yan ƙasa ne, don haka maganar ya tara kuɗi ya sayi nasa ba ta taso ba. Ga kuma salla, wadda sai mai ƙarfin hali yake tsare ta a cikin jirgin da ba wurin miƙe ƙafa.

Ya zo wurina ya fara da tudu. Kuɗin kifi a nan a hannun mata yake, su ke saye a bakin ruwa, su ke ba masu jirgi bashin mai, su ke banda a murhun da ake kira Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a wata unguwar masunta ta Akara a 1969: tanda ta laka, a jera faifan waya masu katako hawa-hawa a kai, itace kaɗan kifi mai yawa. Mu kuma mu saya mu kai Kumasi da Techiman da Tamale. Yaron da ya tashi cikin banda ya san wanda ya bushu da wanda aka yi wa ha'inci, hancinsa kaɗai jari ne. Murhun ma ina so ya koyi gininsa, don zai yi amfani a Kebbe da Kuchi, inda itace ke ƙara wuya. In hannunsa yana ƙaiƙayin ruwa, ga ƙorama nan, birginmu yana aiki a cikinta sarai, akwai wata ƙaramar karfasa mai baƙin haɓa da ake kamawa, ga ƙaguwa. In kuma ya ga lallai shi sai su, to in kai shi Yeji a bakin tafkin Volta, wanda ya samu bayan gina madatsar Akosombo a 1965. Can ruwan daɗi ne, tarwaɗa ce da karfasa da giwan ruwa da kurungu, kalli da gura da mamari duk suna ci, Hausa kuma ana jin ta a kasuwa.

Ka sa ya yi takardunsa cikakku, har da katin rigakafin shawara, don ana tambaya a iyaka. Ya bari sai an yanke shinkafa, kada ya bar ka da aiki, ya biyo motar albasa, na riga na yi magana da direban. Ya zo da rigar sanyi, kada ya ce ai kudu za shi.

Na ba yaran mota ƙunshin banda biyu, ɗaya naka ɗaya na Inna. Ka ce wa uwargida ta jiƙa shi tukuna kafin ta sa a miya, kuma ta rage gishiri. In mai zuwa ya samu, a aiko min da daddawa da garin kuka, na nan ba su da ƙamshin namu. Ka gaishe da liman da mutanen majalisa baki ɗaya.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Elmina