Gonar Gado a Rimin Gado

Daga Kabuga na shiga mota, irin bas ɗin nan da ba ta tashi sai ta cika ta batse. Muka miƙi hanyar Gwarzo, muka wuce Rijiyar Zaki da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, muka wuce barikin soja na Janguza. Wanda ya daɗe bai bi hanyar nan ba zai gaji da jiran inda birni zai ƙare, don katangun bulo da fulotan da aka kafa wa duwatsu a kusurwa sun bi titi sun yi nisa. Sai can gaba ido ke samun sarari. Rimin Gado tana yamma da birnin Kano, tafiyar kilomita 20 ko ɗan fiye, ko da yake a rabon 'yan siyasa cikin Kano ta Arewa aka lissafa ta.

Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai. An share gonaki, an ƙone tushiyar kara, ƙasa ta yi fari fat tana jiran ruwa. Abin da ya fara ɗaukar idona ta tagar mota shi ne tsibi-tsibin baƙin taki da aka jera a gonaki, tsakanin wannan da wancan taku kaɗan, kamar an baje kaya a kasuwa. Na biyu kuwa sai da na ɗan jima kafin na ankara da shi: babu daji. Daga wannan gona sai waccan, iyakarsu layin lalle ko gamba, ko wata siririyar hanya da ba ta wuce faɗin jaki da mangalarsa ba. Itatuwa kam ga su nan birjik, ɗorawa da kuka da tsamiya da mangwaro da darbejiya, amma kowace a cikin gonar wani take, kuma an san mai ita.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 104,790, a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 225. In aka raba, kowane murabba'in kilomita ɗaya yana ɗauke da mutum sama da 460, kuma yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar yanzu wasunsu na neman gonar kansu. Mutanen ba a cikin gari kawai suke dunƙule ba. Suna Gulu da Jili da Butu-Butu da Karofin Yashi da Yalwan Danziyal da Zangon Dan Abdu, da ƙananan unguwanni da ke warwatse cikin gonaki, ta yadda da wuya ka yi tafiyar minti biyar ba ka yi sallama da wani ba.

A tashar garin na sauka. Masu shayi da masu rake da 'yan acaba sun cika bakin titi. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni zuwa wata unguwa a bayan gari bai bari na gama ciniki ba ya jawo mini maganar fetur, kuma da gaskiyarsa: litar da ba ta kai naira 200 ba a farkon 2023 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wannan tashin ya shiga cikin komai a nan, daga kuɗin niƙa zuwa kuɗin kai buhu kasuwa.

Dattijon da aka haɗa ni da shi na same shi a gona, yana baza taki da tsohuwar tasa, jikokinsa biyu na sauke wani daga amalanke. Bayan gaisuwa na tambaye shi yaushe rabon da a bar gonar nan ta huta.

"Malam, ai ni ban taɓa ganin ta a saura ba. Mahaifina ma kullum noma ta yake yi. In ka bar ta ta huta, ku ci me?"

"To Baba, ba ta gajiya?"

Ya nuna tsibin da ke gabansa da ƙafa. "Ga abincinta nan. Ita ma ciki gare ta."

Gonar ba ta da girma. Ta mahaifinsu ce aka raba tsakanin magada, kason da ya samu kuma wata rana za a sake rabawa. Yana da wata 'yar guntuwa da ya karɓa jingina, da wata da yake haya duk shekara. A cikin wannan 'yar gonar yake shuka gero da dawa da wake da gyaɗa, da kuɓewa da yakuwa a gefe don miya. Kowanne da lokacinsa: gero ya riga nuna ya kashe yunwar tsakiyar damina, a girbe shi a ba wake wuri ya yaɗu, dawa kuma ta jira kaka. Damina wata huɗu ce, in ta yi gardama wani ya faɗi, wani zai tashi.

Ya ja ni ƙarƙashin wani gawo da ke tsakiyar gonar, kore shar a lokacin da ciyawa ko ɗaya babu. Halin gawo ke nan, yana ganye da rani, damina na sauka ya kakkaɓe shi, don haka ba ya yi wa shuka inuwa. Ganyen ya ruɓe a gindinsa, dabbobin da ke fakewa a inuwarsa su bar kashi, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne. Dattijon ya ce dawar gindin gawo ko makaho ya shafa zai bambanta ta da sauran.

Wannan tsari ya daɗe yana ba masu bincike mamaki. Tun shekarun 1960 wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello sannan a Bayero, ya yi nazarin karkarar da ta kewaye birnin Kano. Ya tarar da jama'a cunkus, ana noma kusan kowace gona duk shekara, jakuna na shiga birni da itace suna fitowa da taki. A lokacin ana ganin ƙasar da aka matsa wa haka dole ta mutu. Ba ta mutu ba. Binciken da aka yi a ƙauyen Tumbau cikin shekarun 1990 ya bi sawun abin dalla-dalla: wake da gyaɗa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsu na ciyar da dabbobi, dabbobi na mayar da taki, har ƙurar hunturu da muke tsinewa tana sauke wa gona ɗan abin da ta ɗebo daga arewa. Abin da yanzu ake shirya taro a otal a kira shi noma mai ɗorewa, a nan sunansa noma kawai.

Sai da muka isa gida na ga inda takin ke fitowa. Daga zaure, bayan an yi mini iso, aka nuna mini turken dabbobi: awaki da tumaki da ba su kai goma ba, da shanun huɗa biyu a gefe. Da damina duk a ɗaure suke wuni, don babu inda za a sake su ba su shiga gonar wani ba, yara ne ke yankar musu ciyawa. Abin da suka kasayar, da ragowar abincinsu, da tokar murhu da sharar tsakar gida, duk a tara wuri guda har bazara. A kan rufin ɗaki da cikin rassan wata bishiya an ɗora sauran harawa, ta kusa ƙarewa. A wannan lokaci ne take tsada, ƙunshin da ake samu da arha da kaka yanzu sai ya ninka. Shi ya sa manomin nan ba ya auna wake da ƙwaya kawai. Waken kanannado ba ya saurin nuna, amma yana ba da harawa mai yawa, kuma wanda ya zo masa da sabon iri mai ƙwaya ba ganye, rabin magana ya kawo.

Yawancin awakin ba na maigidan ba ne. Wata tsohuwa, yayarsa, ta fito zaure muka gaisa, ta yi mini lissafin ta wace ce wacce: wannan ta uwargida, waccan ta amarya, jar kuma ta wata jika ce da ake tara wa kayan ɗaki.

"Gwaggo, ke ina taki?"

"Tawa na sayar, ɗan nan, ciwo ya ci ta. Amma ta bar 'ya."

Akuya ita ce asusun mace a nan. Daga ita sai abin da hannu ke sarrafawa: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, daddawar kalwa, awarar waken suya da yara ke kaiwa bakin makaranta, sai adashi duk mako. Na lura takin akuyar mace a gonar miji yake ƙarewa, ban kuwa ji wanda ya ce ana biyan ta ba, sai dai a ce ai harawar gonar take ci.

A ɗakin ajiya, kusa da wani tsohon rumbu, akwai buhunan wake biyu da aka ɗaure bakinsu tam. Irin buhun nan ne mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007. Iska ba ta shiga, ƙwari su mutu, ba a zuba maganin da ke sa mutane kwanciya asibiti. A cikin duk abubuwan da aka kawo wa manoman nan daga waje, ban ga wanda ya zauna daram kamar wannan ba, dalilin kuwa a fili yake: bai ce su sake komai ba, ya dai ba su damar riƙe wake daga kaka, lokacin da yake banza, zuwa bazara da yake da daraja.

Bayan azahar muka zauna a majalisar ƙofar masallaci, mutum goma sha wani abu, har da wani malamin gona da ke zagaya ƙauyukan a kan babur ɗinsa. Shi ya yi ta bayanin abubuwan da ake gwadawa: layi biyu na dawa, huɗu na wake, tsarin da cibiyar IITA ta Kano ta fito da shi don wake ya sami rana, irin waken Sampea na Samaru da ke jure wuta-wuta, da zuba takin zamani da murfin kwalba a gindin shuka maimakon watsawa, dabarar da cibiyar ICRISAT ta gwada a Nijar. Jihar ba ta rasa hukumomi da shirye-shirye ba. KNARDA na nan tun farkon shekarun 1980, Sasakawa ta shigo a 1992, ga kuma shirin noma da kiwo na KSADP da Bankin Musulunci ya sa wa kuɗi. Manoman sun saurare shi da ladabi, da yawansu sun gwada wani abu daga ciki. Wani mai matsakaicin shekaru ya ce layi biyu da huɗu yana ba da wake sosai, amma sai da feshi sau biyu ko uku, feshi kuma kuɗi ne. Wani ya ce shi dawa ce abincin gidansa, ba zai ba wake kashi biyu cikin uku na gonarsa ba, sai dai ya yi a gefe guda.

Da aka zo kan takin zamani ne murya ta tashi. A 2017 buhun NPK na shirin gwamnatin tarayya naira 5,500 ne. A daminar 2025 buhu ya haura naira 40,000, wato fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. A shekarar kuma farashin hatsi ya faɗi, har aka kai inda buhun masara mai kwano 40 ba ya sayen buhun taki ɗaya. Mutumin birni ya ji daɗi, na ƙauye ya yi lissafi. Da yawa a majalisar sun ce bana za su rage masara, don ita ba ta yafe rashin taki, za su koma gero da dawa da waken suya. Wannan ya sa takin gargajiya ya yi daraja. Wanda da can maƙwabci zai ce zo ka kwashe, yanzu amalanke-amalanke ake sayar da shi, kuma kashin kaji daga gidajen gona na gefen birni sai ka yi kamun ƙafa tun da rani.

Na tambaya ko tallafi na isowa. Aka yi 'yar dariya. Wani ya ce an sha zuwa da farar mota a rubuta sunaye a ɗauki hoto. Wani kuma ya ce shi kam ƙungiyarsu ta taɓa samun iri da horo, kuma ya amfana, kada a yi butulci. Abin da suka haɗu a kai shi ne lokaci: takin da ya zo bayan an yi maimai, da shi da babu duk ɗaya. Ni dai abin da na fahimta a zaman nan, ba wanda ya nemi a koya masa noma. Bashin akuya ko na shanun huɗa suke so, da iri mai kyau kafin ruwan fari, da hanyar da za su riƙe amfaninsu wata huɗu ba tare da bashi ya tilasta musu sayarwa a bakin gona ba.

Da la'asar na koma cikin gari ta wajen masu sayar da kayan noma. Buhunan taki a buɗe suke, ana aunawa da kwano kamar gero, kwano ɗaya sama da naira 2,000, mai saye ya ƙulle a leda ya rataya a keke. Magungunan kashe ciyawa kuwa sun cika kanta, jarka-jarka, don sun fi ɗaukar 'yan ƙwadago arha, samarin da za su yi noman ma da yawa suna birni suna acaba ko aikin gini. Maƙeri na gefe yana wasa sungumi da fartanya, mutum huɗu na jiran nasu. A bayan wani shago wata tifa ta juye sharar birni da wani ya saya don gonarsa. Rabinta leda ce, yara biyu na tsince ta da hannu kafin a loda.

A bakin tasha wani dillali ya ɗauka fili na zo nema, ya ce akwai gona a bakin titi da za a yanka, in ina so ya kai ni in gani. Na ce masa wani jiƙon.

Muna cikin mota gabas ta haɗe, iska ta taso da ƙura, aka ɗan yi yayyafi kafin mu kai Janguza. Nan take gardama ta kaure tsakanin fasinjoji. Wani ya ce gobe zai fita da sungumi, wani dattijo a gaba ya ce wannan bai kai ruwan shuka ba, a tona a gani, danshin bai wuce gaɓar yatsa ba. Na kusa da ni bai ce uffan ba, sai da muka kusa Kabuga ya gaya mini shi tun makon jiya ya yi binne.